Hayaƙin Janaretana a Shagon Tela

A shekarar da sojoji suka koma bariki na buɗe shagon buga takardu a Sabon Gari. Gidanmu a Fagge yake, ni da mahaifiyata, don haka kullum da safe da ƙafa nake tafiya, in bi ta gefen Kasuwar Singa ina kauce wa masu turin baro. Shagon ɗan ɗaki ne, kwamfuta ɗaya tsohuwa da injin kwafi da benci. Na haura talatin a lokacin, kuma ina jin haushin duk wani abu da ake kira hukuma.

Haushin yana da asali. Shekaru da dama kafin nan, wata Asabar ta sharar gari, na fito sayen ƙosai tun ba a ba da izinin fita ba, wani soja ya tare ni ya sa ni tsallen kwaɗo. Ba tsallen ne ya dame ni ba. Wurin da ya zaɓa ne, daidai ƙofar gidan su yarinyar da nake nema, ita kuma tana tsaye riƙe da tsintsiya. Ban sake komawa zance gidan ba.

Da mulki ya dawo hannun farar hula, kowa a layinmu ya zama mai ra'ayi. Ni nawa ra'ayin a shago ya same ni. Wani malamin jami'a ya kawo takardun da zai raba wa ɗalibansa in buga masa. A ciki na karanta cewa akwai masanan da ke ganin kowane mutum shi ya mallaki kansa da dukiyarsa, kuma aikin hukuma bai wuce ta hana sata da kisa ba, sauran lamura a bar mutane su daidaita tsakaninsu. Na ji kamar ni aka tambaya kafin a rubuta. Na karanta shafukan farko har na kusa haddacewa. Sauran shafukan kuwa cikin sauri na buga su saboda malamin yana tsaye a kaina, ban tsaya fahimtar komai ba. Waɗanda injin ya ɓata na miƙa wa maƙwabcina tela ya riƙa naɗe kayan mutane a ciki.

Telan nan ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Iyayensa Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi tawa gishiri. Fararen kaya ne sana'arsa, rigunan amare da na mawaƙan coci. Ina ce masa Oga, yana ce mini Malam. Bango ɗaya ne tsakaninmu, a samansa akwai 'yar taga mai raga. Shi ne ya fi kowa shan wa'azina. Da rana in babu aiki sai in jawo benci zuwa ƙofarsa in fara.

"Oga, abin da ke shagonka naka ne, abin da ke nawa nawa ne. Ba gwamna, ba kansila, ba duba-gari. In muka saɓa, mu zauna mu biyu mu gyara."

Shi dai yana taka keke, allura a baki, yana gyaɗa kai.

Wuta ba ta zama, aikina kuma ba ya yiwuwa sai da ita. Na sayi tsohon janareta mai shan gas daga wani mai injin niƙa. Ƙato ne, mutum huɗu suka sauke shi. In aka tayar da shi sai ya yi tari sau uku, ya yi shiru kamar ya fasa, sannan ya saki baƙin hayaƙi. Na ajiye shi a lungun da ke bayan shagona, salansarsa tana kallon tagar bayan shagon Oga. Ban yi haka da gangan ba, amma kuma ban duba ba.

Kwana huɗu da fara aiki, Oga ya shigo shagona da riga a kafaɗa. Ya shimfiɗa ta a kan injin kwafi.

"Malam, wace kala ce wannan?"

"Ruwan toka," na ce.

"Ranar Litinin fara ce. Ita da 'yan uwanta duka, na mawaƙan cocinmu ne, Lahadi za su sa."

Na ba shi haƙuri, amma bakina bai tsaya nan ba. Na ce janareta nawa ne, lungu a cikin hayata yake, abin da mutum ya yi da kayansa a wurinsa ba ruwan kowa.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro takarda a ninke. Ɗaya daga cikin shafukan da na ba shi naɗin kaya ne. Ya sa tabarau ya karanta mini a hankali. Masanan nan nawa, ashe, sun ce in hayaƙinka ko ƙurarka ta shiga wurin wani ba da izininsa ba, daidai yake da ka haura masa katanga. Ko ka daina, ko ka nemi yardarsa, ko ka gyara ɓarnar.

"Ni ban kira duba-gari ba," in ji shi, "saboda ka ce ba ma buƙatarsa. Hayaƙin nan naka ne?"

"Nawa ne."

"To yana shagona. Zo ka ɗauki kayanka."

Na karɓi takardar na duba ko shi ya ƙara da biro. Bugun hannuna ne, har da kuskuren da na saba yi.

Ranar nan ni na kai rigunan wurin mai wanki, na tsaya a kansa. Washegari na kira mai walda ya ƙara wa salansar bututu, ya miƙar da shi sama ya wuce tagar Oga. Muka tayar da inji, Oga ya shinshina shagonsa lungu-lungu ya ce ya gamsu. Na ce masa ka gani, an yi adalci ba tare da ko ɗan sanda ɗaya ba.

A saman benen da shagunanmu ke ƙasansa akwai wata dattijuwa 'yar Zariya, malamar asibiti ce da ta yi ritaya, kowa Madam yake ce mata. A baranda take shanya. Bakin sabon bututuna ya tsaya daidai igiyar shanyarta. Ba ta karanta kowane masani ba. Ta leƙo, ta auna inda nake tsaye, ta sako mini jiƙaƙƙen zanen gado a ka, ta ce in na gama kallon kalarsa in wanke in hawo da shi.

Mai walda ya dawo. A wannan karon ya haɗa bututu har ya zarce rufin benen, ya ɗaure shi da waya a jikin bango. Daga bakin titi kana hango shi, siriri, a karkace, yana rawa in inji yana aiki. Masu wucewa suka fara tambaya ko gidan burodi aka buɗe. Hayaƙin yana fita can sama, iska ta kwashe shi. Madam ta yi shanya lafiya. Rigunan Oga suka zauna farare. Na jawo bencina na koma wa'azi, har da ƙarin murya.

Zafin bazarar shekarar ya yi tsanani. Oga yana da rediyo a kan teburin yanka, kuma a 'yan kwanakin ana yawan zancen ɗumamar yanayi, wai hayaƙin injina da motoci da masana'antu yana taruwa a sama yana riƙe zafi, damina tana rikicewa. Wata rana bayan azahar ana cikin irin wannan shiri sai ya rage murya ya dube ni.

"Malam, hayaƙinka ina yake zuwa yanzu?"

"Sama."

"Saman wa?"

"Ba ta kowa ba ce."

"Ko kuma ta kowa ce." Ya ajiye almakashi. Ya ce a ƙauyen iyayensa ruwa yanzu ba ya sauka sai dai ya zubo, ƙasa tana zaizayewa, rami ya cinye rabin gonar rogon yayarsa, ya doshi ɗakin girki. Ya tuna mini da kawuna da ya zo daga arewacin jiha kwanakin baya yana kukan rairayi ya rufe masa gona, ruwa kuma ya makara. "In mutanen rediyon nan gaskiya suke faɗa, to bututunka bai daina haura katanga ba. Katangar ce ta yi nisa."

Na ce masa ɗan janaretana ɗaya ba zai kai ƙauyensu ba, ko motar haya sai ta kwana a hanya. Ya ce in tashi in leƙa layi. Na leƙa. Kowane shago da nasa a ƙofa, manya da ƙanana, kowanne yana ihu. Ya ce duk wanda ka tambaya a cikinsu zai ce nasa ɗaya ne. Na ce to ƙasashen Turawa fa, da masana'antunsu? Ya ce su ne manyan masu laifi, ba musu, amma su ba su jawo benci ƙofarsa suna yi masa wa'azi ba.

Sai na nuna masa ƙaramin janaretansa da ke ƙarƙashin tebur, da dutsen gugarsa na gawayi. Ya ce bai taɓa cewa shi mai tsarki ba ne, shi mai zunubi ne da ya san kansa. Ni ne na ce duk wanda ya taɓa kayan wani sai ya gyara. Yana son ya ji yadda zan gyara gonar rogo.

Mun kwana uku a kan wannan. Na ce a kawo mini shaidar cewa hayaƙina ne takamaimai ya je can, ba na mai askin layinmu ba. Ya ce in mutum goma suka jefi akuya ta mutu, kowa sai ya ce ba dutsensa ba ne? Na ce ita yayar tasa ta zo ta yi ƙara da kanta. Ya ce a wace kotu, tunda na rushe su duka? A nan na tuna takardun sun ce masu jayayya suna iya zaɓar wanda suka yarda da shi ya raba su. Na ba shi zaɓi, don in nuna masa ba na tsoro.

"Inna," ya ce.

Ya san mahaifiyata. Duk salla tana aika masa da tuwo da nama, duk Kirsimeti yana aiko mata da shinkafa da kaza mai rai. Na yi murna a raina, ina ganin ya faɗa rami da kansa, uwa ai ba za ta kayar da ɗanta ba.

Ranar Asabar da la'asar muka je Fagge. Oga ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa ya gaishe ta. Tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, tukunya na kan murhu. Na fara jawabi tun daga mallakar kai. Ta bar ni na yi nisa sannan ta ɗaga hannu.

"Kai, taƙaita. Ɗana, kai faɗa mini," ta ce wa Oga.

Oga ya faɗa mata cikin jimla biyar ko shida, da riguna, da zanen Madam, da bututu, da gonar yayarsa.

Ta juyo gare ni. "Hayaƙin naka ne?"

"Nawa ne, Inna, amma..."

"Da ka sayi injin, da hayaƙin aka sayar maka?"

"Haka ne."

"To ban ga abin shari'a ba. Tun kana yaro in ka zubar da abu kai kake kwashewa. Ka kwashe kayanka ka adana."

Na ce Inna, hayaƙi ba ya kwasuwa. Ta ce da na san haka da ban saya ba. A nan ne na yi kuskuren da har yau in na tuna nake jin kunya. Na nuna murhunta, inda itace ke ci, hayaƙi yana tashi yana haura katangar maƙwabta, na ce to wannan fa?

Oga ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Inna ta dubi murhun, ta dube ni.

"Wannan hayaƙin tuwon wa yake dafawa?"

"Namu."

"Ni loma nawa nake ci? Shi ma naka ne. Haɗa da shi."

Aka zuba wa Oga tuwo a kwano ya tafi da shi gida. Na raka shi har bakin titi.

Hukunci hukunci ne, kuma ni na kawo tsarin. Na koma wurin mai walda na ce ina son in kama hayaƙi. Ya kalle ni, ya ce ya taɓa ganin an yi wani abu a wata masana'anta. Ya sauke dogon bututun, ya lanƙwasa shi, ya tsoma bakinsa a cikin ganga cike da ruwa. Da aka tayar da inji, gangar ta kama ɓulɓuli kamar ana dafa kan saniya a ciki. Hayaƙin da ke fita ya ragu, ko kuma dai ya canja kala, ruwan kuwa kafin yamma ya zama baƙi ƙirin, da maiƙo a samansa. 'Yan layi suka taru kallo. Mai aski ya tambaya ko magani nake haɗawa. Na kira Oga na nuna masa.

"Ga kayana nan, na kama."

Ya leƙa gangar ya toshe hanci. "Madalla. Ina za ka kai?"

Ban yi tunanin wannan ba. Na ɗauki bokiti na nufi kwata, ya yi gyaran murya, ya ce kwatar nan ta ƙofar mutum nawa take bi kafin ta fita unguwa? Na dawo da bokitin. Na sayi jarkoki na ɗura. Na kai biyu gida, Inna ta ce ita adanawa ta ce, ba ta ce a gidanta ba. Na dawo da su a babur ɗin ɗan acaɓa, ɗaya a cinyata, ɗaya a gabansa, yana tambayata ko manja ne. Cikin mako biyu jarkoki suka cinye rabin shagon. Masu kawo aiki suna zama a kansu, wata ɗaliba ta tashi da baƙin zane a bayan hijabinta, na sake komawa wurin mai wanki.

Injin ne ya raba gardamar. Wata ranar Laraba na kashe shi da zafinsa, ya ja numfashi ta bututun, ya zuƙi ruwan gangar zuwa cikinsa. Da na zo tayarwa ya yi tari ɗaya, ba uku ba, ya tsaya. Makanike ya buɗe ya duba ya ce in yi haƙuri, wannan sai dai masu sayen ƙarfe.

Na zauna a shago kwana biyu ba wuta, ba aiki, ga jarkoki. Ban jawo benci ƙofar kowa ba. A rana ta uku na ga wayar wuta tana leƙowa ta 'yar tagar nan, Oga ya ɓanɓare gefen ragar yana turo ta.

"Kwamfuta kawai," in ji shi daga can ɓangaren. "Injin kwafi zai kashe mini shi. Kuma ba na tayarwa sai in ni da kai duk muna da aiki."

Haka muka koma. Na koyi tara aiki in yi shi a zama ɗaya. Kwafi kuma sai an kawo wuta, in ba a kawo ba in ce wa mutum ya dawo. Daga baya muka haɗa hannu da Madam da mai aski muka sayi inji ɗaya mai lafiya, aka kashe ƙananan. Mun zauna mun tsara lokacin kunnawa da na kashewa da wanda zai duba baƙin mai, na buga a takarda kowa ya sa hannu. Madam ce mai riƙe mukulli, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Oga ya karanta takardar ya ce, "Malam, ka lura mun kafa gwamnati?" Na ce wannan daban, da yardarmu aka yi. Ya ce haka ne, amma in gwada ƙin bin dokar Madam in gani.

Gonar rogon dai ba ta dawo ba. Da damina ta kusa, ƙungiyar 'yan garinsu mazauna Kano suka yanke shawarar rubuta wa hukumar jiharsu takarda a zo a tare ramin kafin ya ci gidaje. Oga ya kawo mini rubutun hannu in buga. Na karanta na ga sun yi sanyi da yawa, sai roƙo. Na zauna na gyara, na sa musu cewa gonakin nan dukiyar mutane ce, ba su suka jawo ɓarnar ba, kuma in akwai aikin da ya wajaba a kan hukuma to kare dukiyar wanda bai ji ba bai gani ba ne. Ina bugawa ina jin wani iri, ni ne yau nake kiran gwamnati ta zo. Amma ban ga inda na saɓa wa shafukan ba, na farkon da na ƙarshen. Shugaban ƙungiyar da ya karanta ya tambayi Oga ko lauya ya ɗauka. An turo masu awo sun duba, daga baya aka zuba duwatsu a wani ɓangaren. Ɗakin girkin ya tsira, ramin ya karkata ya nufi wani wajen.

Jarkokin sun kai wata uku a shagona. Wani kafinta a layin baya ya ji labari ya zo ya ce yana so, zai shafa wa katakon rufi saboda gara. Na gaya masa gaskiya cewa yawanci ruwa ne, ban san ko zai yi aiki ba. Ya ce shi dai baƙin ya gani, gara ba ta son baƙin abu. Na sa ya maimaita a gaban Oga cewa da yardarsa ya karɓa kuma daga yau kayansa ne. Ya maimaita, ya kawo baro ya kwashe. Na share wurin, na mayar da benci inda yake, ɗalibai suka sami wurin zama.